Tabon da Na Goge a Katin Sujada

Akwai kati biyu a aljihun teburina a shagon nan na unguwar Abbasiya a Alƙahira. Duk ɗalibin da ya shigo ya ce, "Malam Lawal, a taimaka da aiki, na iya kwamfuta," sai in fito da su in jera masa, in ce ya nuna min wanda aka buga daidai. Zane ɗaya ne a kansu, girma ɗaya, takarda ɗaya. Sai ya duba na minti guda, ya ɗora yatsa a kan mai tsabtar, yana murmushin wanda ya ci jarrabawa. Har yau ban sami wanda ya nuna ɗayan ba. Ba na yi musu faɗa, don mai tsabtar nan ni na buga shi da hannuna, ina da shekara goma sha tara a cikin sana'ar, da furfura a gemuna.

Ku a ganinku aikin ba komai ba ne. A ɗauki hoto da waya, a tura kwamfuta, a danna, takarda ta fito da ɗuminta. To ku gyara zama in gaya muku yadda muka yi shi a shagon Usta Milad.

Karatun shari'a ya kawo ni Alƙahira daga Funtuwa. A shekarata ta uku tallafin da ake aiko mana ya tsaya cak, sai wani ɗan Sudan da muke kwana gida ɗaya ya ja ni wani lungu a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, bayan layin masu canji. A ƙarshen lungun akwai ɗakin buga takardu, faɗinsa bai fi zaure biyu ba. Mai wurin Kirista ne cikin Ƙibɗawan Masar, gajere, mai sanƙo, ba ya son yawan magana. Usta suke kiransa, wato uban sana'a. Aikinsa ɗaya ne tak: katin aika gaisuwa, irin wanda ake sa zane a gaba, a bar baya don rubutu da kan sarki. Kuma ba hoton dala ko raƙumi yake bugawa ba, wannan ya bar wa 'yan kasuwa. Shi zanen wasu mutane yake bugawa, waɗanda suka yi zamani a shekarun alif ɗari tara da hamsin zuwa sittin, suka daina zana mutum da dabba, suka koma zana al'amarin addini da launi da layi kawai. Wani ya zana daren Lailatul Ƙadari, wani ɗawafi, Kiristocinsu su zana abin da suke bikinsa. Babu fuska, babu hannu, babu abin da za ka nuna ka ce ga wane.

Wannan ya kwantar min da hankali ta fuskar fiƙihu, tunda ba hoton mai rai zan yi ba. Amma ta fuskar hankali kam, raini na yi wa abin. Abokina Isufu, mutumin Damagaram mai sarin abaya, ya taɓa ɗaukar kati ɗaya ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Malam, ai ko akuyarmu ta taka fenti ta bi ta kan takarda za ta yi wannan." Na yi dariya har da riƙe ciki, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Shekara biyu cur ban taɓa tawada ba. Wanke rolar inji da kananzir, ɗaukar takarda, shara. Ranar da na dawo daga hutun babbar salla na shigo da sabuwar shadda ruwan ƙwai, ina ƙamshi, Usta ya ɗago kai ya ce, "Ya Sheikh Lawal, koma gida." Na ce me na yi. Ya ce, "Rigarka tana zuba rawaya a kan takardata." Na ɗauka wasa yake yi, sai ya kama hannuna ya matso da ni jikin farar takarda, ya ja ni baya, ya sake matso da ni. Wallahi takardar sauya launi take yi. Daga ranar na gane dalilin da ya sa bangon shagon toka-toka ne, rigar aikinmu toka-toka, kuma ba a yanke hukuncin launi a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Bakin ƙofa ake fita da takardar gwaji, tsakanin hantsi da azahar. In lokacin ya wuce, sai gobe, ko da mai aiki zai yi ta tsalle.

Injinmu ɗan Jamus ne, ya girme ni, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Takarda sai ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja, rawaya, baƙi. Kowane launi da farantinsa na ƙarfe, wanda Misirawa ke kira zinki. In takarda ta goce da kaurin gashi a zagaye na uku, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Akwai adasa, ɗan gilashin ƙara girma da ake ɗorawa a kan takarda a leƙa da ido ɗaya. In ka leƙa, za ka ga babu kore babu ruwan hoda a jikin kati, ɗigo-ɗigo ne na launin nan huɗu suke zaune kusa da juna, idonka ne yake haɗa su. Ranar da na fara gani sai da na ce subhanallahi a fili. Sai kuma wuƙar tawada, mai faɗi mara kaifi, da wani falalen dutse fari da ake cuɗa launi a kai. Dutsen nan Usta ya gaje shi daga nasa ustan, tsakiyarsa har ta lotsa.

Katin ɗawafi ne ya fara koya min ladabi. Zanen wasu fararen layuka ne gajeru, dubbai, suna kewaya wani baƙin wuri a tsakiya. Na buga gwaji, na ga ya yi, na kai wa Usta. Ya ajiye nawa kusa da wanda ya buga shekarun baya, ya ce in kalli kowanne in ƙirga goma. Nasa na kalla sai na ji kaina yana ɗan juyawa, layukan tafiya suke yi. Nawa kuwa a tsaye suke ƙiƙam. Jan da na saki ya yi yawa da ɗan abin da bai kai a faɗa ba, farin ya yi nauyi, ɗawafin ya tsaya. Ni ban taɓa zuwa Makka ba a lokacin, amma na san nasa ne gaskiya. Daga nan ban ƙara yin dariyar maganar akuya ba.

Dokar shagon guda ɗaya ce da ba ta da sassauci: ba a buga zane sai an je an gan shi. Yawanci silaid ake kawo mana, ɗan fim ɗin nan mai launi da ake ɗagawa a haske. Usta ya ce silaid maƙaryaci ne, yana tsufa kamar mutum, yana mantuwa. Ko zanen yana Iskandariya, sai ya hau jirgin ƙasa ya je ya tsaya gabansa, ya dawo da ƙananan takardu da ya shafa wa tawada yana gwadawa. Na sha raka shi gidajen tarihi, da majami'u, da gidajen tsofaffin da suka gaji zanen iyayensu. Masu sayen katinmu kuwa su ne shagunan littattafai, da rumfunan ƙofar gidajen tarihi, da Turawa 'yan yawon buɗe ido. Ɗalibanmu ma sukan sayi ɗaya su rubuta gaisuwa zuwa gida, sai a aiko ana tambayarsu ko ruwa ne ya ɓata hoton a hanya.

A 2011 zanga-zanga ta ɓarke, komai ya tsaya. Shagonmu tafiyar minti biyar ne daga dandalin da ake taruwa, barkonon tsohuwa yana shigowa lungun ya kwanta, mu jiƙa tsumma mu toshe ƙasan ƙofa. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Rumfunan da ke karɓar katinmu wasu suka rufe, wasu suka koma sayar da tuta. Katunan suka zauna cikin kwali har suka fara lanƙwashewa. Don kada inji ya yi tsatsa muka koma buga abin da Usta ya rantse ba zai taɓa bugawa ba: katin biki, takardar magani, da fuskokin 'yan takara. A nan hannuna ya lalace, ban sani ba. Kowane ɗan takara so yake a haskaka masa fata, a cire ƙurji, a share tabo. Akwai wanda ya tsaya a kaina ya ce in ƙara masa duhun tabon sallar goshinsa, wai wanda Allah ya ba shi bai isa zaɓe ba. Shekara uku ina wannan aiki a kwamfuta, har ya zama in na ga ɗigo a hoto, yatsana ya goge shi kafin ƙwaƙwalwata ta ce uffan.

Da zafin 2014 wata dattijuwa ta shigo, tana dogara sanda, ta tambayi Usta Milad da sunansa. Hagga Samiha sunanta, wato Hajiya Samiha, daga unguwar Dokki. Mahaifinta, marigayi Ustaz Ra'uf, yana cikin masu zanen nan na da. Ta ce za ta koma wurin ɗanta a ƙasar waje, ba za ta iya zaman kaɗaici a hawa na biyar ba, kuma zanen mahaifinta da suka rage wani mutum ya saye su, zai fita da su daga Masar. Ba ta san gidan da za su shiga ba, ba ta kuma sa ran sake ganinsu. Ɗaya ne ya dame ta, wanda ake kira Sujada. So take a yi mata katinsa guda ɗari biyar, ta raba wa dangi da ɗaliban mahaifinta da suka rage, ta tafi da sauran. Ta ciro silaid daga cikin hankici ta ce, "Wannan katin shi ne abin da zai rage min na Baba. Masu sa zanen a akwati za su zo ranar Alhamis ta sama, bayan azahar."

Usta ya ce gobe za mu zo mu gani. To a lokacin gwiwoyinsa sun gama aiki, tashar jirgin ƙasan da ke kusa da mu a rufe take, ga ɗauke wuta kullum, ga gidan hawa na biyar. Da ta fita na ce masa, "Ya Usta, ka huta. Silaid ɗin garau yake. Shekara nawa ina aikin nan?" Ya kalle ni ya ce, "To je ka kai kaɗai ka gani." Na ce tamam. Ban je ba. Akwai zafi, akwai cunkoso a gada, kuma ina ganin na kai matsayin da ba sai na je ba.

Na ɗora silaid a na'ura ya fito a kwamfuta. Shuɗi ne mai duhu daga sama, yana saukowa yana komawa kore, da wani siririn layi rawaya a can ƙasa. Tsohon fim ne, ƙura da zare sun yi masa yawa, na zauna ina tsince su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa ta hannun dama, dab da gefe, akwai wani dusasshen wuri, kamar inda danshi ya taɓa bango. Na ɗebo launi daga kusa da shi na rufe shi. Bai ɗauke ni rabin minti ba. Na buga ɗari biyar, suka fito suna sheƙi. Usta ya tambaye ni, "Ka gan shi?" Na ce na gani. Silaid nake nufi, kuma na san ba shi yake nufi ba.

Ranar Litinin na kai mata da kaina, don ina son in ji yabo. Gidan duk kwalaye ne. Ta zaunar da ni, ta kawo shayi, ta buɗe ƙunshin ta ce, "Allah, Allah, ya yi kyau, ya ibni, ɗana." Sannan ta sa tabarau, ta kai katin kusa da taga. Na ga idonta ya gangara ƙasa ta dama ya tsaya. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na uku. Sai ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ina goshin Baba?"

Na ce, "Na'am, ya Hagga?"

Ta tashi ta buɗe ƙofar wani ɗaki, ta ture labule, ta ce in shigo.

Zanen ya kai tsayin ƙofa. Na ga zane da yawa a rayuwata, amma a nan na tsaya cak a bakin ƙofa. Shuɗin ba irin na silaid ba ne ko kusa, fim ɗin ya koɗe ya karkata ja ban lura ba. Wannan shuɗi ne mai zurfi da ido ke shiga bai taɓa ƙasa ba. Kuma ba a shafe yake ba, da wuƙa aka ɗora fentin, faffaɗan shafi a kan shafi, kowanne ya taso daga sama a miƙe sannan ya ranƙwafa. Duk sun ranƙwafa ne zuwa wuri ɗaya. Idona ya bi su yana sauka, yana sauka, har ya kai ƙasa ta dama, ya tsaya a kan dusasshen wurin nan. Sai a lokacin na lura kaina a sunkuye yake, ban san sa'ad da na sunkuyar da shi ba.

Ta ce, "Matsa kusa."

Na durƙusa na ciro adasa. Wurin bai fi girman ƙwan kaza ba. Ko'ina a zanen fenti yana da tudu yana ƙyalli, nan kuwa a danne yake, ba ya ƙyalli. A cikinsa akwai layuka uku a kwance, da 'yan ƙananan ramukan fata, da sawun gashin gira a ƙasa. Goshin mutum ne.

Ta ce tana da shekara bakwai aka yi abin. Mahaifinta a ƙasa yake shimfiɗa zane ya yi aiki. Wannan ya ba shi wuya, watan azumi guda yana fama da shi, yana kankarewa yana sakewa, bai ma san abin da yake nema ba. Ranar da ya ga ya kammalu, bayan la'asar, sai ya yar da wuƙar ya faɗi sujadar godiya nan inda yake tsaye. Zanen yana tsakaninsa da alƙibla, goshinsa ya sauka a gefensa, fenti bai bushe ba. "Ya fito mana da goshi shuɗi," in ji ta, tana dariya idonta na kawo ruwa. "Mama ta ce ya koma ya gyara kafin ya bushe. Ya ce duk zanen babu inda ya fi nan daidai. Kwana bakwai yana zuwa masallaci da shuɗin goshi. Bayan haka ya sa masa suna."

Ni na karanta babin sujadar godiya, na haddace saɓanin malamai a kansa, na ci jarrabawa. Ga ta an ajiye min a gabana, ta mutum guda, shekara kusan sittin ba ta goge ba, na share ta a rabin minti kamar ƙurjin ɗan takara. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ta ce, "Ma'alish, ba komai, ya ibni, ba ka sani ba. Bar su haka, zan riƙa gaya wa mutane da baki." Wannan ma'alish ɗin ta fi mari zafi.

Na koma shago na gaya wa Usta komai, har da ƙaryar. Bai zage ni ba, na so ma ya zage ni. Ya ce, "Naɗe dutsen a bargo. Gobe da hantsi."

Ranar Talata muka isa Dokki aka ce babu wuta, na'urar hawa bene ba ta aiki. Usta yana da shekara saba'in da wani abu. Ya kalli matakalar ya ce, "Yalla, mu hau." Ni da dutse a kafaɗa da jakar gwangwanayen tawada, shi da ƙarfen bene a hannu, kowane hawa sai ya zauna ya huta. Da muka shiga ɗakin ya tsaya gaban zanen, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya cire hularsa. Ya yi alamar addininsa a ƙirji, ya juyo ya ce min, "Wannan ka so ka buga daga fim?"

Ya zauna a ƙasa, dutse tsakanin ƙafafunsa, ya fara cuɗa. Shuɗin gwangwani ba zai yi ba, sai an haɗa na musamman. Ya ɗebo shuɗi biyu, ya sa baƙi a kan tsinken ashana, ya murza, ya shafa a takarda da yatsa, ya miƙo min in kai jikin zanen. Ya ce a'a. Ya ƙara kore kaɗan. A'a. Takarda ta ashirin da wani abu ce na ɗora a gefen zanen, na ja baya, na neme ta na rasa inda ta ƙare zanen ya fara. Ana kiran azahar a lokacin. Na ɗauki sabon hoto a hasken tagar, sau da yawa.

Sauran matsalar ita ce tabon. Zane mai tsayin ƙofa in ya dawo tafin hannu, goshin bai fi ƙwayar dawa ba, kuma ɗigo-ɗigon inji za su cinye layukan. Zai fito ne kamar datti, yadda na gan shi tun farko. A cikin tasi muna dawowa mun hau gada, sai Usta ya ce, "Me ya bambanta wurin da sauran zanen?" Na ce ba ya ƙyalli. Ya ce, "Shi ke nan. Zinki na biyar." Abin da yake nufi, bayan launi huɗu za mu sake bi da takardar cikin inji mu shafa mata man ƙyalli ko'ina, ban da wurin goshin. A farantin za a bar rami daidai siffarsa. Ni na zana ramin da yammacin nan, na ƙara girmansa a kwamfuta har ya cika allo, ina bin gefensa a hankali. Wurin da na goge a rabin minti ya ci min awa uku.

Laraba muka buga. Shuɗin Usta ya shiga, ja ya shiga, rawaya ta shiga. Muna tsakiyar baƙi wuta ta ɗauke, takarda a maƙale cikin inji, tawada tana bushewa a kan rola. Awa biyu muna zaune a bakin ƙofa muna fifita da kwali. Da ta dawo na wanke rola kaf kamar ranar da na fara aiki, muka ƙarasa dab da magariba. Man ƙyalli ba ya hawa ɗanyar tawada, dole ta kwana.

Alhamis da safe muka sa zinki na biyar. Takardar farko ramin ya goce, ya sauka gefen tabon. Usta ya kwanta a jikin injin da adasa, yana juya ƙusar daidaitawa kaɗan-kaɗan, ina miƙo takarda. Ta tara ce ta zauna. Ya yanko kati ɗaya da hannunsa, ya fita bakin ƙofa, ya karkata shi a haske, ya miƙo min. Ba a gama sauran ba, amma doka ita ce sai an gwada da zanen, kuma zanen saura awa biyu ya shiga akwati. Na sa katin a kwalin alawa don kada wani abu ya taɓa fuskarsa, na tari tasi. A kan gada muka tsaya cak. Na biya mai motar na sauka, na ƙarasa da ƙafa, kwali a sama kamar mai tallan ƙwai, gumi har cikin takalmi.

Na tarar kafintoci biyu sun sauke zanen sun jingina shi da bango, akwati a buɗe, suna shimfiɗa soso. Na ce su dakata don Allah. Na ɗora katin a gefensa. Shuɗin ya zauna daidai. Hagga Samiha ta sa tabarau ta karɓa, ta duba ƙasa ta dama, ta ɗan yamutsa fuska, don a miƙe ba a ganin komai sosai. Na ce, "Ya Hagga, sunkuyar da shi kaɗan." Ta karkata katin zuwa taga. Haske ya bi fuskarsa gaba ɗaya yana ƙyalli, ya bar ɗan wuri guda a dushe. Ta ɗora ɗan yatsanta a kai, ta ji shi. Ta ce, "Ga shi nan." Sai ta juya wa kafintocin ta ce su rufe.

Muna tsaye aka buga ƙusoshi, aka sauka da akwatin. Inda zanen ya rataye shekara da shekaru, bangon ya bar wani babban fili fari mai tsayin ƙofa, sauran bangon ya yi duhu kewaye da shi. Ta nemo allura a cikin kwalin ɗinki, ta je tsakiyar filin nan ta kafe katin. Ɗan abu kamar tafin hannu a wurin da ƙofa za ta shiga. Ta ja kujera ta zauna gabansa. Na ɗauki kwalin alawata na fita ban yi sallama ba.

Usta ya rufe shagon a 2015, gwiwa ta ƙi. Ya ba ni adasarsa da dutsen. Dutsen ne wanda kuke ɗora kofin shayi a kai in ba na nan, kuna tsammani ban sani ba. Ɗari biyar na farko mun yanka su mun yi takardar gwaji da bayansu, na ɓoye guda ɗaya.

Shi ne mai tsabtar da kuke zaɓa. Ɗayan kuwa, wanda kuke cewa akwai ɗan datti a ƙasansa, ku ɗauke shi ku fita bakin ƙofa tun azahar ba ta yi ba. In kuka riƙe shi a miƙe kuna kallonsa daga sama, ba za ku ga komai ba. Sai kun sunkuya.